Daga Ganuwar Wurno Zuwa Dam ɗin Goronyo: Wa Ya Gina, Kuma Don Me?



Duk mai bin littattafan da muke rubutawa a 'yan shekarun nan ya san gidan Alhaji tun kafin a kai shi ƙofarsa. Tangamemen get, maigadi ya taso a guje ya wangale, rumfar ajiye motoci, falo mai sanyin esi, matakalar bene mai ƙyalli. Ko a Kano gidan yake, ko Abuja, ko Dubai, kamanninsa ɗaya ne. In kuwa aka koma gidan su yarinya 'yar talakawa, sai a ce "wani ɗan akurkin gidan ƙasa", an gama da shi ke nan. Ba a gaya mana da me aka gina shi, ina ƙofarsa ta fuskanta, ko me ya sa tsohuwar gidan ta ƙi yarda a rushe ɗakinta.

Shi ya sa a wannan mako muka ɗauki garuruwa uku na gabashin Sakkwato, wato Wurno da Rabah da Goronyo, don mu bi tarihin gini a cikinsu na kusan shekara 200. Goronyo da Wurno suna bakin Gulbin Rima, Goronyo daga sama, Wurno a ƙasanta. Rabah kuma tana bakin Gulbin Sakkwato. Abin da muke so mu lura da shi tare shi ne, kowane gini da ya daɗe a wannan yanki an yi shi ne don maganin wata damuwa da mutanen wurin ke fama da ita, ko mahara, ko zafi, ko ruwa. Da wannan ma'auni za mu auna na da, da shi kuma za mu auna na yanzu.

WURNO: GARIN DA TSARO YA HAIFA

Alƙalawa ta faɗi a 1808, Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809, Shehu Usmanu ya rasu a 1817. To amma faɗuwar Alƙalawa ba ta kawo ƙarshen yaƙi ba. Gobirawa sun sake haɗa ƙarfi da Katsinawan Maraɗi da wasu Abzinawa, kuma kwarin Rima shi ne hanyar da hari ke bi ya gangaro Sakkwato. Maganin da Sarkin Musulmi Bello ya kawo shi ne ribaɗi: gari mai ganuwa a bakin iyaka, a sa masa shugaba mai ilimi da iya yaƙi, a tara masa manoma da masu sana'a, a zaunar da makiyaya, a buɗe makaranta. Ya yi rubutu a kan ribaɗi da gadi, ya kuma aikata abin da ya rubuta. Ɗansa Aliyu Babba ya riƙe Shinaka, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Goronyo. Wani ɗan nasa, Abubakar Atiku, ya zauna Rabah har sunan garin ya bi shi. Shi kansa Bello, a ƙarshen shekarun 1820, ya gina Wurno ya mai da ita mazauninsa. A can ya rasu a 1837, a can hubbarensa yake har gobe.

Mu dubi inda ya ajiye garin. Wurno tana kan tudu mai duwatsu, tana kallon fadama daga sama. Mai tsaron ganuwa yana hango ƙurar dawaki daga nesa, manomi yana gangarawa gona ya dawo ya kwana cikin gari, kuma in gulbi ya cika ya batse, fadama yake ci, ba ya hawa tudu. Tun kafin a aza tubali ɗaya, zaɓen wurin ya biya buƙatar tsaro da ta abinci da ta kauce wa ambaliya. A wasiƙar da Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Umarun Dallaje kan tushen siyasa, ya lissafa gina garuruwa masu ganuwa da gadoji, da kula da kasuwanni da hanyoyi, da riƙon masu sana'a, cikin ayyukan da suka hau kan shugaba. Ke nan a wurinsa gini yana cikin aikin mulki.

Bayansa sarakuna da dama sun fi zama Wurno a kan Sakkwato. Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, a can Bajamushen nan Heinrich Barth ya zauna a hannunsa a 1853, ya sake biyowa a 1854, har ya zana taswirar garin a littafinsa. A can kuma Joseph Thomson ya iske Sarkin Musulmi Umaru a 1885 yana neman yarjejeniyar ciniki. Sai bayan da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903 aka tsayar da fada wuri ɗaya, Wurno ta koma garin hakimi, inda Sarkin Sudan ke zaune.

DA ME AKA GINA?

Kayan aikin duk na kusa ne. Ana haƙo ƙasa, a kwaɓa ta da ruwa da ciyawa, a bar ta ta ruɓa, a mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi a rana. Da rani ake gini, sahu-sahu, ana barin kowane sahu ya sha iska kafin a ɗora wani. Bango yakan yi kauri a gindi, yana sirancewa yayin da yake hawa. Rufi kuma na azara ne, wato giginya da aka tsaga, saboda gara ba ta cika damunta ba. Amma azara tana da iyaka: in tazarar da ta haye ta wuce kimanin mita 2, nauyin ƙasar da ke kanta zai lanƙwasa ta. Wannan iyakar ce ta sa magina suka ƙirƙiro bakan gizo. Sai su riƙa fito da azara daga jikin bango kaɗan-kaɗan, suna ɗaure ta suna lulluɓewa da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Da haka aka samu manyan zauruka da masallatai masu faɗi ba tare da ƙarfe ko siminti ba.

A waje kuma ana shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a kan rufi a sa laso don ruwa ya zame ya bi indararo. Laso yana da labari mai kyau ga marubuci. Ana haɗa shi ne da katsi, wato gurɓin da ake kwashewa daga rijiyar marina, tare da gashin dabbobi da ruwan dafara. Marina kuwa ita ce masana'antar wancan zamani, kuma da lason ake shafe rijiyoyinta. Ashe magini yana cin arzikin marini, marini yana cin na magini. Ranar da marina ta mutu a gari, laso ya bi ta, ko da maginin yana raye.

To su wane ne maginan? A nan ne kunya take kama mu. A 1824 Baturen Ingila Hugh Clapperton ya je kallon wani masallaci da Waziri Giɗaɗo ke ginawa a Sakkwato. Ya yi hira da shugaban maginan, wanda ya gaya masa shi mutumin Zazzau ne, mahaifinsa ya zauna Masar ya koyo wani abu na fasahar gini, ya rasu ya bar masa takardunsa. Har ya nuna yana son a samo masa irin ma'aunin Turawa. Duk wannan Clapperton ya rubuta, sunan mutumin ne kawai bai rubuta ba. Magini ɗaya na wancan ƙarni da sunansa ya shahara shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, a shekarun 1830 zuwa 1840. Muna iya jera sarakunan da suka kwana a Wurno ɗaya bayan ɗaya, amma a tambaye mu wa ya ɗaura bakan gizon zaurensu, sai mu yi shiru.

RABAH: ƊAN GARIN DA YA KAWO SIMINTI

Abubakar Atiku na Rabah ya zama Sarkin Musulmi daga 1873 zuwa 1877. Ɗansa Ibrahim ya yi sarautar Rabah, kuma a gidansa aka haifi Ahmadu, wanda duniya ta sani da Sardauna. Da wannan gari na bakin gulbi ya buɗe littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1962. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a Sakkwato, ya dawo ya zama Sarkin Rabah a 1934, aka naɗa shi Sardauna a 1938. Yaron da ya tashi a zauren tubali, shi ne ya zama Firimiyan Arewa a daidai lokacin da ake ganin ci gaba yana nufin siminti da ƙarfe da kwano.

A zamanin gwamnatinsa, a 1962, aka kafa kamfanin siminti na Arewa a Kalambaina, kusa da Sakkwato, inda ake da dutsen farar ƙasa mai yawa. Ya fara fitar da siminti a 1967, shekara ɗaya bayan an kashe Sardauna. Har yau dogayen rumbunansa da bututun hayaƙinsa ake fara hangowa daga nesa. A shekarun 1960 ɗin nan ne kuma aka sake gina masallacin Shehu da na Bello a Sakkwato da siminti, bisa jagorancin Sardauna, kamar yadda Kano ta riga ta yi wa nata masallacin Juma'a a farkon shekarun 1950. Zariya ta bi sahu a shekarun 1970, sai dai ita ta bar wani sashe na aikin Babban Gwani a tsaye, ta kewaye shi da sabon gini.

A nan ne siffar masallaci ta canza a idonmu. Masallatan farkon jihadi yawancinsu ba su da doguwar hasumiya, matakala ce ladan ke hawa ya tsaya a sama ya yi kira. Doguwar hasumiyar ƙasa tana wasu wurare, kamar Gobarau a Katsina da ta Agadas mai kimanin mita 27. Amma siririyar hasumiya da koriyar ƙubba da muke gani yau a kowane masallacin Juma'a, daga birni har ƙauye, salo ne da ya zo daga Masar da Hijaz, mahajjata suka gani suka so, siminti kuma ya sa ya yiwu. Yanzu ma ladan ba ya hawanta, lasifika ce ke kwana a can.

Kada mu yi wa iyayenmu rashin adalci, ba wauta ce ta sa suka rungumi bulo da kwano ba. Ginin ƙasa yana son yaɓe kusan kowace shekara kafin damina, in an yi sakaci sai soro ya yi yoyo, wani lokaci ya rufta da mutane a watan Agusta. Giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada. Matasan da ke taya aikin gayya sun tafi ci-rani. Magidancin da ya rufa kwano ya huta da fargabar tsakar dare in hadari ya haɗu. Siminti ya yi maganin wata damuwa ta gaske. Abin da aka manta shi ne, ginin ƙasa ma akwai damuwar da yake magani, kuma ita ba ta tafi ko'ina ba.

GORONYO: GINI MAFI GIRMA, KUMA NA ƘASA

Bayan farin farkon shekarun 1970, gwamnatin tarayya ta juya ga manyan madatsun ruwa. Aka kafa hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, aka gama dam ɗin Bakolori a 1978, sannan aka tare Gulbin Rima a kusa da Goronyo. An gama aikin a 1984, aka ƙaddamar da shi a 1992. Tsayinsa mita 21 ne, tsawon bangonsa ya kai kilomita 12 da rabi, kuma an tsara shi ya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900, don noman rani da ruwan shan Sakkwato da rage ambaliya.

Ga wani abu da ba mu cika lura da shi ba. Wannan gini, wanda ya fi kowane gini girma a yankin, jikinsa ƙasa ce da yashi da aka jibge aka daddaɓe. Siminti yana wajen ƙofofi da magudanar ruwa ne. A shekarun da muke ƙyamar ƙasa a gidajenmu muna kiranta alamar talauci, injiniyoyi ita suka amince wa ta tare gulbi guda.

A watan Satumba na 2010 aka yi ambaliyar da mutanen yankin ba su manta ba. An yi ta jayayya kan ko yawan ruwan sama ne kaɗai, ko sakin ruwan dam ɗin ya ƙara. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne ɓarnar: ƙauyuka da gonaki sun nutse daga Goronyo har Sakkwato, gadar da ke kai wa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta karye. Gidajen ƙasa sun zube da yawa, sai mutane suka ƙara tabbatar wa kansu cewa ƙasa ba abin dogaro ba ce. Amma bangon ƙasa daga gindi yake mutuwa, in ruwa ya kwanta masa kwana da kwanaki. Darasin da ambaliyar ta maimaita shi ne wanda Bello ya bi a Wurno: a dubi inda za a kafa gida tukuna, a ɗaga harsashi, a bar wa ruwa hanyarsa.

GIDANMU NA YAU

Yanzu mu shiga sabuwar unguwa a kowane ɗaya daga garuruwan nan. Bulo inci 6 ko inci 9, dogon rufin kwano mai tsini wanda aka kwaikwayo daga ƙasashen da ruwa ko ƙanƙara ke yi wa yawa, silin na roba ko na farar ƙasa, tagogin gilashi da ke zamewa rabi kawai, tsakar gida an malale ta da siminti, an sare darbejiyar da ke ciki. Da kyau a hoto. Amma a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma wuta ba tabbas, mai gidan da iyalinsa a waje suke kwana. Bango mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakinsa ciki sai dare ya raba. Siririn bulo da kwano kuwa nan take suke miƙa shi. Tsohuwar da ta ƙi a rushe ɗakinta ta san abin da take yi.

Zaure ma yana tafiya. An mai da shi shago, ko an sa get a madadinsa. Zaure kuwa shi ne inda baƙo ke sauka, malam ke ba da karatu, maƙwabci ke zama ba tare da ya keta hurumin matan gida ba. Gidan da ba shi da zaure, ko dai ka shiga falo ko ka tsaya a titi.

Sai tsaro, damuwar da ta haifi Wurno. Ganuwar garuruwan nan ta zube, an yi gidaje da gonaki a kan wani sashenta, don an ɗauka zamanin hari ya wuce. Sai ga shi a watan Yuli na 2018 'yan bindiga sun afka wa Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah, waɗanda suka tsira suka taru a Gandi, wadda ita ma tsohon ribaɗi ce. A watan Oktoba na 2021 aka kai hari kasuwar Goronyo aka kashe mutane da dama. A shekarar ce kuma aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, dogayen ƙarafan sabis, waɗanda suka fi kowace hasumiya tsawo a garuruwanmu, suka tsaya ba amfani. Ba muna cewa ganuwar ƙasa za ta tare bindigar zamani ba. Abin lura shi ne, da gari guda ake kewayewa, mai kuɗi da talaka a ciki. Yau kowa yana ɗaga katangar gidansa shi kaɗai, ya jera mata fasassun kwalabe, wanda ba shi da hali kuma ya kwana a fili.

AKWAI WAƊANDA SUKA GWADA WATA HANYA

Ba sai mun je nesa ba. A ƙetaren iyaka, cikin jihar Tawa ta Nijar, wani magini manomi mai suna Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a na Yama da ƙasa a 1962, shekarar da aka kafa kamfanin Kalambaina. Daga baya ya ƙara masa ƙubba da hasumiyoyi huɗu, kowace da siffarta. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gini. A Dandaji, cikin jihar dai, masu zanen gini biyu, Mariam Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili, sun gyara tsohon masallacin garin suka mai da shi ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, tare da maginan yankin. An gama a 2018. A 2022 kuma Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya fara da makarantar firamare ta ƙasa a ƙauyensu Gando, ya karɓi kyautar Pritzker, mafi girma a wannan fage. Dukansu ba su ƙi siminti da ƙarfe ba. Sun sa su inda suka fi amfani, kamar harsashi da rufi, suka bar wa ƙasa aikin da ta fi iyawa. Mutanen Yama da Dandaji Hausawa ne, zafinsu irin namu, ƙasarsu irin tamu.

INA RUWAN MARUBUCI?

Ruwanmu a ciki babba ne. Yawancin abin da muka kawo a sama game da kamannin Wurno da Sakkwato na da, daga alƙalamin baƙi ya fito, kuma baƙo abin da ya ba shi sha'awa yake rubutawa, shi ya sa sunan maginin Zazzau ya ɓace. Yau ma akwai dattawan magina a Wurno da Rabah da Goronyo da Shinaka da Gandi waɗanda suka ɗaura bakan gizo da hannunsu, 'ya'yansu kuwa bulo suka koya. In suka tafi, kalmomin za su bi su: ɗaurin guga, tulluwa, zanko, shigifa, kudandan, rufewa. Kalmar da ba ta bakin mai sana'a, ba ta kuma cikin littafi, ta mutu.

Don haka ga aikin wannan mako. Kowa ya nemi tsohon magini ɗaya a garinsu, ya gaishe shi yadda ya kamata, ya ce, "Baba, wa ya koya maka, shi kuma wa ya koya masa?" Ya rubuta sunayen da izininsa, da sunan kowane kayan aiki yadda ya furta shi, ko da ya saɓa wa Hausar littafi. Sannan a labarin da kake rubutawa yanzu, ka koma gidan da jarumarka take, ka tambayi kanka ina take kwana a watan bazara, ina ruwa ke bi in an yi mamako, ina baƙon mahaifinta ke zama. In ka amsa waɗannan, mai karatu zai san garin da take ko ba ka ambaci sunansa ba.

'Yan uwanmu na Wurno da Rabah da Goronyo da ke cikin wannan zaure, ku kuka fi mu sanin gida. Inda muka yi tuntuɓe ku gyara mana, inda muka taƙaita ku ƙara. Allah ya jiƙan magabata, ya kawo mana zaman lafiya a gabashin Sakkwato da Arewa baki ɗaya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.